Kuka a Gidan Kawu

Ko zan manta da komai na shekarar babban fari, ba zan manta da ranar da Inna ta tafi makokin mutumin da bai mutu ba. Shekarar ce gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, har aka riƙa kawo mana jar dawa a mota daga Ɗanbatta ana rabawa da kwano. Da bazara ta shigo kuma sai sanƙarau ya biyo bayan yunwa.

Yayana shi ne ladanin masallacin ƙauyenmu. Allah Ya ba shi murya. In ya kira la'asar, har mutanen gonakin bayan rafi sukan ajiye fartanya. Na taɓa tambayarsa abin da ya sa yake sa yatsu a kunne in zai yi kira. Ya ce, "In na toshe su nakan ji muryata a cikin kaina, sai in san inda zan kai ta." A lokacin ban gane nufinsa ba.

Sanƙarau ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti a amalanke, Allah Ya tashe shi. Amma ya dawo ba ya ji ko kaɗan. Muka gode wa Allah, muka ce kunne aka ɗauka, an bar mana baki. Da farko kuwa maganarsa garau take, har ya koma kan kiran sallarsa.

Sai a hankali abin ya fara sauyawa. Wani lokaci ya ɗaga maka murya kamar kana ƙetaren gona alhali kana gabansa, wani lokaci kuma sai ka matso da kunne. Inda ake jan harafi sai ya datse, inda ake datsewa sai ya ja. Kiran sallar ma ya karkace. Liman yakan sunkuyar da kai, dattawa su dubi juna, amma ba wanda ya iya gaya masa. Ni ma na yi shiru. A lokacin na ɗauka tausayi ne. Yanzu na san tsoro ne.

Wajen wata shida da tashin Yaya, Kawu, ƙanin Inna, yana fama da jinya, kowa hankalinsa na kansa. Kukokin garin kuwa duk an zage ganyensu, mun daɗe muna cin tuwo da ruwan gishiri. Wata rana da hantsi Inna na tuƙa tuwo, sai ga Yaya ya shigo da sauri yana haki, ya ɗaga murya ya ce, "Inna! Akwai kuka a gidan Kawu!"

Duk Bahaushe ya sani, in kukar miya ake nufi murya takan sauko a ƙarshen kalmar, in kukan hawaye ne takan tsaya a sama. Tasa a sama ta tsaya. Inna ta saki muciya a tukunya, ta ɗora hannu a ka tana salati, ta fita ko takalmi babu. Na bi ta a guje, ni ma idona ya kawo ruwa.

Muka tarar da Kawu zaune a inuwa yana tufka igiya, matarsa na tankaɗen garin kuka da surukinsu ya aiko musu daga kudu. Kawu ya ɗago kai ya dubi yayarsa ya ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

Inna ta tsaya tana kallonsa. "Kai mana! Kai aka ce min."

"To, ni dai ba a sanar da ni ba tukuna."

Matarsa ta nuna rariya ta ce, "Kuka dai ga ta nan, in ita kuka zo yi wa gaisuwa." Aka bushe da dariya, Inna na dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

Ana cikin haka Yaya ya iso riƙe da ƙoƙon da zai ɗebo mana kukar. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Na nuna masa garin, na ja yatsa daga idona zuwa kumatu, sannan na nuna bakinsa. Ya gane. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

A hanyar komawa, daidai ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanina, don Allah kada ka ɓoye mini. Kiran sallata fa?" Na girgiza kai. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ɗaga masa yatsu huɗu, wato wata huɗu.

Tun daga ranar muka shiga aiki. In mun huta a gona sai ya ɗora tafinsa a maƙogwarona in faɗi kalma, sannan ya mai da shi kan nasa ya maimaita. In murya za ta hau in ɗaga hannu, in za ta sauka in sauke, in wurin ja ne in miƙa shi gefe. Muddin ina gabansa magana takan miƙe; da na juya baya sai ta sake sulalewa. Wata rana ya ce, "Ashe harshe makaho ne, kunne ke riƙe masa sanda."

Da kaka ta zo, wata la'asar ya ce in tsaya a gabansa. Bai sa yatsu a kunne ba, idonsa na kan hannuna. Kiran ya fita daidai tun daga farko har ƙarshe, kamar na da. Da aka idar da salla ya matsa kusa da liman ya ce, "Malam, a nemi wani. Ba kullum yaron nan zai bar gona ya zama kunnena ba, kiran salla kuwa ba a yin sa da lalube." Liman ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

Kwanan baya a ajin karatunmu na manya malam ya rubuta kuka a allo, ya ce wacce ce? Na ce ba a sani ba, sai baki ya faɗa kunne ya shaida. Abin da na koya ke nan: mai magana ma sauraron kansa yake yi, kuma wanda ya daina jin kansa, shirun da 'yan uwa ke yi masa ba tausayi ba ne.

A wannan shekarar mun rasa geron gona biyu, da shanun huɗa biyu, da mutum uku a danginmu. Yaya ya rasa kunne biyu da kiran salla. Wata huɗun da ya yi yana kira a karkace kuwa, wannan ni na jawo masa.