Shafin da Ban Juya Ba

Ƙamshin man goge katako nake fara tunawa, wanda malamina ya shafa wa piyanon cocinmu da safiyar wannan Asabar. Ana ɗaurin auren 'yar wani babban ma'aikaci daga GRA, coci ya cika har bakin ƙofa.

Malam dattijo ne ɗan ƙasar Tangale. Tun kafin a haife ni yake buga piyano a cocin, kuma da shi yake ci, yana koyar da yara kiɗa a falonsa a unguwar Bolari. Shekara huɗu ina hawan keke daga unguwar Arawa zuwa wurinsa. Idan na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya ce, "'Yata, yatsunki suna nan Bolari, ke kuma kina ina?"

A lokacin kowa ya san dattawan coci suna shawarar ba matasa masu kibod, wato piyanon lantarki, kujerarsa. Wai ya tsufa. Ranar auren nan ce za su saurare shi su yanke hukunci. Ya zaɓi wani dogon kiɗa mai wuya, wanda hannu biyu ba sa hutawa, ya ce ni zan riƙa juya masa shafin littafin kiɗan.

Aikin ba wuya. Ki zauna a hagunsa, idonki a kan layi, idan ya gyaɗa kai ki kama kusurwar sama ki juya.

"Kada ki saurara," ya ce. "Yau ke ba mai jin kiɗa ba ce."

"To, Baba."

"Wannan to ɗin naki na san shi."

Na juya shafi biyu lafiya. Sai amarya ta shigo, hasken taga ya sauka a kan mayafinta, kiɗan ya yi taushi kamar yayyafi a kan kwano. Na fara haɗa baitin waƙa a zuciyata. Ban san sau nawa ya gyaɗa kai ba. Abin da na ji shi ne shiru. Ya ɗaga hannun hagu ya juya da kansa, shafi biyu suka tafi tare, ya shiga inda ba nan ba, ya tsaya, ya koma baya. Amarya na tsaye a tsakiyar hanya. Wani ya yi tari.

Da aka tashi na ga dattawa sun kewaye shi. Taku goma ne tsakanina da su. Na tsaya ina gyara littafin da ba ya buƙatar gyara, daga nan na bi ta ƙofar baya.

Wata bai cika ba aka kawo kibod. Na daina zuwa Bolari, na ce karatun jami'a ya yi yawa. Sau biyu ya aiko a gaishe ni.

Bara, bayan rasuwarsa, na je yi wa matarsa gaisuwa. Tana ɗinki a falon, piyanon an rufe shi da zane. Na ce, "Mama, ranar nan me ya faɗa wa dattawa?"

"Ce musu ya yi idonsa ne, ba ya ganin rubutun sosai." Ta miƙo mini allura. "Taimaka mini, 'yata. Har satin da ya kwanta ciwo, shi yake zura mini zare."