Tsargiyar 'Yata

Ban yafe wa mijina dukan da ya yi wa 'yata ba. Ya rasu, na yi masa takaba, amma wannan kam ban yafe ba.

A unguwar Jama'a, kusa da Samaru, muke zaune lokacin. Famfonmu ba ya kawo ruwa, sai in aike ta rafi da wanki tare da yaran unguwa. Ko shekara goma ba ta kai ba. Yara maza da yawa fitsarin jini suke yi, iyayensu na dariya wai sun zama maza. Shi kansa maigidan yakan ce haka ya yi yana yaro.

Rannan yayarsa ta zo mana wuni, ta ga ja a inda yarinyar ta tsuguna. Ba ta ce mini uffan ba, sai da ya dawo daga garejinsa a Sabon Gari ta tare shi.

"Ɗan'uwana, kana can ƙarƙashin mota an lalata maka 'ya."

Bai tambayi kowa ba. Ya rarumi tsohon fambel na mota, ya damƙe wuyan yarinyar ya hau zabga mata.

"Wane ne? Faɗi sunansa!"

"Baba, wallahi fitsari ne ke mini zafi!"

Na shiga tsakani, ya haɗa da ni, leɓena ya fashe. Na ɗauki taɓarya na sauke masa a damtse, fambel ya faɗi.

Na ce, "Malam, tsargiya ce, daga ruwan rafi! Irin wadda ɗan maƙwabcinka ke yi kana masa kirari. A jikin namiji girma, a jikin tawa iskanci?"

Yayar ta ce, "Ji ta! Jiya-jiya ta shiga ajin yaƙi da jahilci, yau ta zama likita."

"Yaya, ki bar gidan nan tun taɓaryar tana ƙasa."

Shi kuma ya rantse in na kai ta asibiti duniya ta ji, to a bakin aurena.

Da gari ya waye na gasa wa yarinyar bayanta, duk shatin fambel. Na ɗumama tuwo na tsare ta sai da ta cinye, don malamar asibitin da ta taɓa zuwa ajinmu ta ce maganin ba a shan sa da yunwa. Na sa ta yi fitsari a kwalba. Yana zaune a zaure riƙe da damtsensa muka wuce, kwalbar a hannuna ban ɓoye ta cikin mayafi ba. Na tsai da mai keke na ce, "Samaru, asibiti."