Akun Kawu Mamman: Daga Kano Zuwa Yamai

Duk Matamai ana cewa na kai akun Kawu Mamman wurin likita a Yamai na dawo da shi da rai. Har a bakin rijiya mata suna sa mini albarka. Ba haka aka yi ba. Lafiyarsa lau na ɗauke shi, ni na kusa kashe shi a hanya, kuma ban fita da niyyar dawowa da shi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Jatau ba irin akun nan mai ruwan toka ba ne da ake kawowa daga kurmi. Ƙato ne, ja jawur, fukafukansa shuɗi da rawaya, wutsiyarsa ta kai kamu guda. Asalinsa Amurka ta Kudu. Wani Nasara da Kawu ya yi wa kuku ya zo da shi, da zai koma ƙasarsu ya bar masa, yau shekara goma sha shida. Kawu yayan innata ne, matarsa ta rasu, bai haihu ba, gida ɗaya muke.

Bana da fari ya ƙone gyaɗa, ranar rabon jar dawar taimako, mai awo ya hango ni a layi ya tambaya ko gidan da ake ba tsuntsu gyaɗa ma ya ji yunwa. Aka kwashe da dariya. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, iyayen 'yan ajina suna tsaye. Washegari na zauna gaban mashin ɗin rubutu na buga takarda da Faransanci, wai sojan da suka karɓi mulki sun hana ajiye naman daji a gida, naman da aka samu za a harbe shi. Na danna hatimin lakwal. Kawu ba ya karatun boko. Ya daɗe yana juya takardar, sannan ya roƙe ni abu ɗaya: in har za a raba su, in nemo wa Jatau inda ya fi. Sai na tsaga layuka a kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal: dabbobin Amurka ta Kudu nawa ne, girman keji, abinci, likita, haihuwa. Gidan namun daji biyu na sani, na Kano da na Yamai. Wanda ya fi maki shi zai samu tsuntsu.

Litinin: Matamai zuwa Kano

Mun tashi ƙarfe biyar da kwata, ana idar da asuba, a wata Fijo mai rumfa. Kawu da kansa ya ɗauko kejin har tasha, ya miƙo mini ƙullin ƙwayar aduwa da magarya da 'yar gyaɗa. Ya fara wani bayani a kan yadda Jatau yake cin abinci. Na ce na sani, mota za ta tashi. Na lulluɓe kejin da zane.

Shida da rabi muna Ɗan Barto, bakin iyaka. Wani soja ya ɗaga zanen da bakin bindiga. Jatau ya yi tarin Kawu, irin na mai taba, ya ce sannu da aiki. Sojan ya kira 'yan'uwansa, suka yi ta sa shi yana maimaitawa har direba ya fara ƙunƙuni. Ba wanda ya ambaci wata doka. Ina za su ambata, tunda tana cikin jakata?

A Daura muka sake mota. Na sayi fura, amma tashar cike take da maza, kuma mu ba a rene mu da buɗe baki gaban maza a kasuwa ba. Na bar kejin wurin direba, na zaga bayan wata rumfa na sha. Da na dawo na zuba wa Jatau aduwa, na mayar da zane. Ƙarfe biyu muka shiga Kano, kilomita wajen ɗari da saba'in daga gida. Na sauka gidan Gwaggo Ladi a Fagge. Aka ajiye kejin a soro, ni aka shigar da ni ɗaki aka kawo tuwon shinkafa. Na ci har na ji kunyar waɗanda na baro.

Talata: Kano zuwa Maraɗi

Ƙarfe tara na biya kwabo goma na shiga. Gaskiya gidan na Kano ya cika ido. Na ƙirga aku biyu irin Jatau a keji mai faɗin ɗaki, da birai uku masu riƙe reshe da wutsiya, da wani ƙaton ɓera mai girman tunkiya kwance cikin kwatami. Akwai lemo da ayaba a faranti, a wannan shekarar. Akwai likita. Na tambayi haihuwa, aka ce macen ta taɓa yin ƙwai bai ƙyanƙyashe ba, suna jira. Na cika layukana da maki, na ce magana ta ƙare.

Likitan ya buɗe zanen ya duba. Abincin jiya yana nan ba a taɓa ba, kuma Jatau ya fara fige gashin ƙirjinsa. Ya yi mini bayani a hankali cewa tsuntsun da ya tsallako iyaka ba takardar lafiya, ga shi kuma ba ya ci, ba zai haɗa shi da nasu ba, don kada ya kawo musu cuta. Gaskiyarsa. Amma ni na ɗaga murya, na zuba masa Faransancin da ba ya ji, na ce a ƙasarmu za a karɓa da hannu biyu. Ya dai tambaye ni wa yake ba shi abinci a gida. Na ce wannan ba aikinsa ba ne.

Sha biyu na kama motar Katsina, daga can Jibiya, ana kiran magariba muka shiga Maraɗi. Na kwana gidan wata da muka yi kwaleji tare a Damagaram. Ta ce tsuntsun nan fa kamar mai takaba. Na ce zafi ne.

Laraba: Maraɗi zuwa Doso

Babbar mota ce, sama da buhunan albasa, kuɗin mota jika biyu har Yamai, kilomita fiye da ɗari shida. Tun daga Madawa gawar shanu ta fara, wasu fata ce kawai a kan ƙashi. Bayan Ƙonni muka wuce Buzaye da Fulani a gefen hanya da tabarmi da yara, ba ko akuya. Shinge bakwai na ƙirga, na jandarma da na soja, kowanne a sauka a nuna katin shaida. A na farko wani jandarma ya ce wa Jatau ya gaishe shi, Jatau ya ƙi. A na ƙarshe ko ido bai buɗe ba.

Wani dattijo mai fataucin fata da ke kusa da ni ya leƙa ya ce, 'yata, ruwa kaɗai ba ya riƙe rai. Na ce ga abinci nan a gabansa, ni zan tauna masa? A Dogon Dutsi na sake zagawa bayan mota na ci rogo da ƙuli. A Doso aka tsaya kwana, mata muka shiga rumfar mai abinci.

Alhamis: Yamai

Sha ɗaya da rabi muka iso. Ban wanke ko ƙafa ba na nufi gidan namun daji. Na fito da kaye. Zaki akwai, kura akwai, dorina akwai. Na Amurka ta Kudu kuwa, wani tsohon ma'aikaci mai suna Baba Arzika, mutumin Dogon Dutsi, ya kai ni gaban ɓerayen Masar, sannan ya nuna mini agwagi suna yawo, irin na bayan gidanmu, ya ce likitansu ya ce kakanninsu daga can suke. Shi ke nan. Na ja sifiri a layi uku.

Abin da ba ni da layinsa shi ne abin da ke bayan kejin jimina. 'Ya'yan barewa shida ne da makiyaya suka tsinto, fari ya kashe iyayen. Baba Arzika yana ba su madara da kwalba. Ya ce sun kai goma, huɗu sun tafi, waɗannan in ruwa ya dawo yana fatan a mayar da su daji.

Ya gama, ya wanke hannu, ya yaye zanen kejina ya ajiye gefe. Jatau yana ƙasa, ba a kan sanda ba, ƙirjinsa tsirara. Baba Arzika ya tambaye ni da wane lokaci yake ci, ana jiƙa masa ne ko busasshe, yana wanka, wa yake yarda ya taɓa shi. Shekara goma sha shida muna gida ɗaya, ban iya amsa ko ɗaya ba.

Ya zauna a ƙasa daf da kejin, ya kwance ƙullin Kawu, ya jefa ƙwayar aduwa a bakinsa yana tauna da ƙara, kamar ba kowa a wurin. Ya ci ta biyu. A ta huɗu Jatau ya buɗe ido. Tsohon ya gutsuri ta biyar, ya miƙa rabin ta tsakanin waya. Jatau ya karɓa.

Baba Arzika ya ce irinsu a dajinsu garke suke ci, wanda ya saba da mutum ba ya ci shi kaɗai cikin duhu. Sai na tuno Kawu a gindin bedi, wato dogon yaro, kullum da hantsi, ƙwarya a cinya, ɗaya a bakinsa ɗaya a bakin tsuntsu. Na sha gani. Ni dai a idona ɓarna ce. Ban taɓa lura cewa daga kasonsa yake cirewa ba.

Baba Arzika ya ce in shugabansu ya yarda zai karɓa, amma keji arba'in ne a wuyansa, ba zai iya zama da shi sau uku a rana ba. Sannan ya dube ni.

"Mai shi rasuwa ya yi?"

Na ce yana nan da ransa.

"To 'yata, me ya kawo shi nan?"

Na buɗe jaka zan fito da takardar, sai na sake rufe ta.

Komawa

Kwana uku na yi a Yamai gidan wata 'yar garinmu, kullum ina zuwa wurin Baba Arzika har Jatau ya hau sanda. Lahadi da sassafe na kama hanya. Wannan karon kejin yana kan cinyata, ba zane, kuma ina ci gaban maza talatin, ina tauna da ƙara kamar yadda aka nuna mini. Wani ya ce malama da angonta ne, wani ya ce a bar su, amarci suke ci. Fuskata kamar ta tsage, amma ban daina ba. A shingen Tasawa Jatau ya yi tarin Kawu, sau ɗaya. Na sauka a Takeita na shiga motar Matamai, Talata da la'asar na iso.

Inna ce ta tare ni a ƙofa. Ta ce tun ranar da na tafi Kawu bai ci abin kirki ba, yakan ɗauki ƙwarya ya zauna gindin bedi, ya dawo da ita yadda take. Da ya ga kejin sai ya buɗe, Jatau ya hau kafaɗarsa. Ya shafa ƙirjin da ba gashi, ya tambaye ni ko soja sun yafe. Na ce sun yafe. Ya sa mini albarka, ya sa wa sojan ma.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Gwaggo Ladi, da likitan Kano da na yi wa rashin kunya, da Baba Arzika wanda na ba gidansa sifiri uku. Kayen yana nan, na yage shafin maki. Sauran shafukan zan cika su da abin da Kawu ya sani a kan Jatau, in aika wa likitan nan, ko ya amfani masu ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa.

Amma kafin nan akwai takardar. Da na dawo Kawu ya karɓe ta ya adana a ƙarƙashin buzun sallarsa, wai ko za a sake tambaya. Gobe da hantsi, in ya zauna gindin bedi, zan ɗauko ta in karanta masa da Hausa, har hatimin da ke ƙasa, in gaya masa wa ya buga ta.