Madubin Fuska Ɗaya

A shagonsa na kayan ɗaukar hoto da ke unguwar PZ a Zariya, Japhet yana kallon wani dattijo mai tsohuwar kwat da ta sha guga. Dattijon yana gwada ɗan madubin da daraktocin fim ke leƙawa su auna hoto. Ya runtse ido ɗaya, ya saita dogon bencin da babu kowa a kai, ya daɗe bai sauke ba.

"Baba, wannan mai faɗi ne," in ji Japhet. "'Yan wasa goma zai ɗauka."

A ransa yana jin mutumin ya taɓa tara goman, wataƙila 'yan diramar coci a Samaru.

Dattijon ya ajiye madubin a hankali. "Ɗana, ba ni wanda ke matso da fuska kusa. Ɗaya ce ta rage mini, ita ma tana kwance."