Sista Matse-Saki Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakinta, can ƙarshen baranda, tsakanin sito da banɗakin ma'aikata. Ta share da kanta, ta shimfiɗa tabarmin roba huɗu, sannan ta juya kujerun jira su ba ƙofa baya, don kada mai wucewa ya ga fuskar da ya sani. Shekara ashirin da shida tana haka. A tsakanin nan asibitin ya sauya shugabanni bakwai da fenti uku, amma bai samu sukunin liƙa allo a ƙofarta ba.

Sista Matse-Saki ake ce mata, domin abin da ake jiyowa ta taga ke nan: "Matse. Riƙe. Ɗaya, biyu, uku. Saki. Baiwar Allah, ƙasa na ce ki matse, ba fuska ba!" Masu zuwa wurinta mata ne da haihuwa ko shekaru suka sassauta wa naman ƙasan mara, har fitsari yake kufce musu in sun yi tari ko dariya. Ciwo ne da ba ya kisa, saboda haka ba a shirya masa taro a otal.

Yayata malamar firamare ce. Bayan haihuwarta ta biyar ta daina shan ruwa kafin ta tafi makaranta, ta koma baƙin zane, ta daina dariya. Mu ƙannenta masu digiri muka duba muka ce Yaya ta ƙara natsuwa, har muna yaba mata. Ashe takardar barin aiki na cikin jakarta, a rubuce, saura miƙawa. Aikin nan kuwa shi ne ranta.

Ran da ta kai jaririn rigakafi, Sista ta wuce ta gaban layi, ta tsaya, ta dawo.

"Malama, tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Sista?"

"Tun yaushe kike harɗe ƙafa kafin ki yi atishawa?"

Yaya ta ce nan take hawaye ya zubo mata. Wata goma sha ɗaya tana cikin gida cike da mutane, ba wanda ya gani.

Ke ce kika gani, Sista. Ke ce ba ki ce mata haka haihuwa take, ta yi haƙuri ba. Kin koya mata ta gano naman da ba ta san tana da shi ba, ta motsa shi safe, rana da yamma, ko tana duba littattafan yara. Wadda kika ga tata matsalar ta wuce atisaye, da ƙafarki kike raka ta wurin likita, ki tsaya a kansa har ya ajiye waya.

Kuma kina da jarrabawar da babu ita a kowane littafi. Mace ta sha ruwa kofi biyu, ta zauna a kan farin ƙyalle, ke kuma ki saƙala tabarau a kan hanci ki kwaikwayi tafiyar babban likita yana zagayen marasa lafiya. In ta ƙyalƙyale ta tashi ƙyallen a bushe, ta ci. Yaya ta faɗi sau biyu. "Malamar makaranta guda, kina maimaita aji?" kika ce mata. A karo na uku, wata na huɗu, ta ci. Takardar nan ba ta isa ofishin hedimasta ba. Har yau tana aji uku, a tsaye, tana yi wa yara tsawa da dukan ƙarfinta.

Makon jiya aka yi wa Sista taron sallama. Matan da ta warkar ba su ƙirguwa. Mutum tara suka zo, domin zuwan kansa tonon asiri ne. Shugaban asibiti ya yabe ta da zuwa aiki a kan lokaci. Ana shirin tashi Yaya ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni dai zanena nake jiƙawa. Wannan matar ce ta sa na daina."

Can mai shara ta ɗaga hannu ta ce, "Har da ni." Sai matar da ke raba kati. Sai babbar nas da kanta, tana kallon silin.

Sista, mai ido a inda kowa ya kau da kai, mun gode. Allah ya ba ki hutun da kika ba wasu. Ku kuma matasan nas da ke rububin ɗakin tiyata, ga wani aiki nan, ba hoto, ba lambar yabo. Akwai mata huɗu da aka rubuta wa dawowa ranar Litinin, ɗayarsu ma ba ta gaya wa mijinta inda take zuwa ba. Ɗayarku ta je ta karɓi makullin.