Shuɗin Malam Habu

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mijina, Malam Habu mai shadda na Kantin Kwari, amma sai bana na ji kamar an sake ɗauke min shi.

Mutum ne mai taurin kai a kan launi. Ba ya yarda a yi ciniki a ƙarƙashin fitilar shago. Sai ya ja mai saye har bakin titi, ya ware shaddar a rana, sannan a yi maganar kuɗi. Akwai wani shuɗi da ya fi so, bai kai bula duhu ba, ya kuma fi ruwan sararin samaniya kauri. Sunansa a kasuwa konfulawa, wai sunan wani ɗan fure ne da ke fitowa a gonakin alkama na Turai. Malam bai taɓa ganin furen ba, amma in yana ba da labarinsa sai ka rantse a tsakar gidanmu na Fagge ya shuka shi. Ina yi masa tsiya, yana ƙara ɗinka wata rigar.

Bayan sadakar arba'in, 'yan'uwansa suka raba tufafinsa ga mabuƙata kamar yadda aka saba. Ban hana ba, lada muke nema masa.

Bana za a aurar da autarmu Ummi, wadda ya bari tana ƙarama. Ta ce ba ta son kowane anko sai launin Babanta, na ce ai wannan mai sauƙi ne. Muka shiga Kwari, aka yi ta fito mana da konfulawa iri-iri, kowa yana rantsuwa nasa ne na asali. Wasu ma a waya suke nuna mana, abin da Malam zai yi kwana uku yana mita a kai. Muka tsallaka Sabon Gari wurin Baba Okoro, wanda yake sayar masa da zaren aiki. Tsohon ya tuna dariyar Malam sarai, amma yanar ido ta rufe masa gani, bai iya nuna mana launin ba.

Muka dawo gida da ƙyalle uku. Na fita da su rana, na juya, na sake juyawa, Ummi tana kallon bakina. Na rufe ido don in gan shi cikin rigar. Fuskar ta zo, hular ta zo, rigar ta ƙi tsayawa a launi ɗaya.

"Wanne ne, Umma?"

"Ban sani ba, Ummi. Wallahi na manta."

Ranar jana'iza ma ban yi kuka irin na ranar nan ba. Na ɗauka ni ce ma'ajiyarsa ta ƙarshe, ashe ni ma ina zubar da shi kaɗan-kaɗan ban sani ba.

Ummi ta jira na yi shiru, ta ɗauki ƙyallen tsakiya ta ce daga yau wannan ne. Ko tantama ba ta yi ba, taurin kan ubanta sak. Wataƙila abin da ya rage mana ke nan, Allah Ya jiƙansa.

Ranar biki dangi za su cika gida cikin shuɗi, kowa yana cewa ga launin Malam Habu. Ni kaɗai ce ba zan iya cewa e ba.