Ranar da Ciyawar Roba ta Ƙona Mini Ƙafa

Abubuwa da yawa sun faru a shekarun da na yi ina koyarwa waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma muhawarar ciyawar roba da aka yi a makarantarmu ba ta cikinsu. Wannan kam ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ina jin ita za ta rage.

A lokacin ni ne malamin wasanni a wata ƙaramar sakandare a ƙauyenmu, arewa da Kano, ba nisa da dam ɗin Watari. Gonaki sun kewaye makarantar ta ko'ina, har idan yaro ya ɗirka ƙwallo da ƙarfi sai a cikin dawar wani za a nemo ta. Filin wasanmu kuwa fili ne a suna kawai: ƙasa ce mai tauri kamar daɓe, ga tsakuwa, ga tsidau. Yawancin yarana ba su da takalmi, don haka duk ranar atisaye sai na wanke wa biyu ko uku gwiwa na shafa musu magani. Amma a haka suka ciyo kofin makarantun yankinmu a shekarar, suka doke yaran da ke sanye da takalma masu tsada.

Cikin masu kallon wasan ƙarshe akwai wani Alhaji, tsohon ɗalibin makarantar, mai harkar takin zamani a birni. Daɗi ya kama shi, ya jawo hannuna gefe ya ce, "Malam, me yaran nan suka fi buƙata?"

Ban tsaya tunani ba. Dama na taɓa ganin wani fili a cikin Kano da aka shimfiɗa wa ciyawar roba, kore shar, sumul kamar kafet ɗin masallaci, kuma tun ranar yake a raina. Na ce, "Alhaji, filin ciyawar roba." Ya ce zai ɗauki kaso mafi tsoka, amma da sharaɗi: sai mutanen gari sun amince, kuma sun haɗa sauran.

Kafin kwana uku gari ya ɗauka. Samari suka goya mini baya gaba ɗaya. A gidan kallon ƙwallo da teburin mai shayi ba a wata hira sai ta filin, wasu har sun fara lissafin ƙungiyoyin da za su riƙa zuwa daga Shanono da Gezawa don su taka shi. Duk inda na gifta sai in ji an ɗaga murya, "Koci! Sai kafet!" Ni kuma ina ɗaga hannu kamar ɗan takara. Manoma da iyaye mata kuwa suka ce ba su ga dalili ba. A ganina a lokacin duk rashin wayewa ne ke damunsu. Yau idan na tuna yadda nake kallonsu, kunya ce ke kama ni.

Don in kashe bakin kowa, na shiga mota na je birni wurin masu shimfiɗa irin wannan fili, na roƙo samfuri, faɗinsa bai wuce darduma ba. Da na sauka a tasha da shi a kafaɗa, sai ka ce amarya aka kawo. Mutane suka yanyame ni, wannan ya shafa, wancan ya shinshina. Wata akuya ma ta matso ta sa baki, ta ji ba harka, ta juya. Na ce, "Kun gani! Ko akuya ba za ta ci ba!" Samari suka kaure da tafi.

Shugaban makaranta ya kira taron iyaye da malamai ranar wata Asabar, tsakiyar bazara. Tun hantsi aka cika a ƙarƙashin darbejiyoyin bakin fili: dattawa a kan benci, mata a gefe guda, samari a tsaye a baya, Alhaji a kujera kusa da shugaba. Ni kuma na ɗauki samfurina na shimfiɗa shi can tsakiyar fili, a sarari, don kowa ya ga yadda korensa ke ƙyalli a kan jar ƙasarmu. Aka yi ta jawabai har rana ta take. Da aka zo kaina na zuba bayani kamar an kunna rediyo: ba ya son ban-ruwa, ba ya son yanka, ba taɓo da damina, yaro ya faɗi ba zai ƙuje ba. Samari na ta sowa. Na riga na ga nasara.

Sai wani tsoho ya ɗaga sandarsa. Manomi ne da gonarsa ke manne da makarantar, mutum mai ƙarancin magana. Ya ce, "Malam, yaran naka da takalmi suke wasa?"

Na ce, "A'a, Baba, yawancinsu ƙafa ce."

Ya ce, "To, tuɓe naka ka hau mu gani."

Ai kamar jira nake. Na cire takalmi, na naɗe ƙafar wando, na ruga tsakiyar fili, na dira a kai da ƙafa biyu, na ware hannuwa ina fuskantar jama'a. Wayyo Allah! Kamar na taka kaskon tuya. Robar nan ta sha rana tun safe, ta fi ƙasar da ke gefenta zafi nesa ba kusa ba. Na so in daure don kada in ba da kaina, na ɗaga ƙafar dama, na ɗaga ta hagu, na fara rawar da ban shirya ba, daga ƙarshe na yi tsalle waje na dawo inuwa da gudu. Wuri ya ɓarke da dariya. Alhaji har da riƙe ciki, shugaban makaranta ya rufe fuska da takarda, samarina ma da suka zo mara mini baya suna tafa hannu da juna.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Ni abin da ban gane ba shi ne, tun ina yaro nake yaƙi da kiri-kiri a gonata. Ka nome ta ta dawo, ka ƙone ta ta dawo, shanu su tattake ta ta ƙara yaɗo. Ciyawar da ta gagari fartanya ce ƙafar yara za ta kashe? Ga ta nan Allah Ya ba mu kyauta muna zubarwa, za mu je mu sayo ta roba. Ruwa kawai take so da rani."

Kafin wani ya amsa, Inna mai sayar wa ɗalibai abinci ta miƙe daga cikin mata. Ta ce, "Tunda an zo maganar ruwa, Malam, ruwan da kake wanke musu gwiwa da shi, ka san daga ina yake zuwa? 'Yan matan ajinka ne ke barin darasi su je rijiyar bakin kasuwa da jarka. Kullum a gabana suke wucewa."

Wannan ta fi robar ƙona ni. Shekara huɗu ina makarantar, ban taɓa tambayar kaina ba.

Alhaji ya share hawayen dariya ya ce, "To ai magana ta haɗu. A haƙa rijiyar burtsatse mai sola, yara su sha, ciyawa ta sha. Ni zan yi wannan. Ku kuma fa?" Tsohon ya ce shanunsa da garmarsa na nan. Wani ya ce amalanke biyu na taki. Nan take hannuwa suka tashi sama. Wasu samari sun yi fushi suka fice suna cewa an mayar da su ƙauye, kamar da can a birni suke. Ni dai na ɗaga hannuna, tafin ƙafata na raɗaɗi.

Ruwan farko na sauka aka fara aiki, kuma ban taɓa ganin gayya mai daɗinta ba. Shanu suka keta ƙasar, ɗalibai suka tsince tsakuwa a kwanduna, aka baza taki. Kowane manomi da ya yi noman fari sai ya ɗauro kiri-kirin gonarsa a bayan keke ko babur ya kawo, ana ta zolaya cewa yau maƙiyi ya samu masauki. Samarin da suka yi fushi su ne suka dawo suka kafa shingen ƙaya saboda awaki. Mata suka dama kunu, mu kuma muka jeru muna dasawa layi-layi muna waƙa. Kafin kaka fili ya rufe ruf, ya yi laushi kamar katifa, famfo kuma na zuba a bakin ajujuwa.

Ranar da aka buɗe shi ni na busa usur. Yaranmu suka ci ƙwallon farko, sai na ga su duka sun ruga sun zube a ciyawa suna birgima, masu kallo suka tsallake igiyar da aka ja a bakin fili suka bi su, har da dattawa masu riƙe da babbar riga. Na tsaya da usur a baki na kasa busawa don daɗi.

Har yau ban ce ciyawar roba ba ta da amfani ba. Inda ake wasa da takalmi, da yamma, ga kuɗin gyara, tana da ranarta. Abin da na koya shi ne, son alheri ga mutane bai isa ba sai ka tambaye su. Na ɗauki waɗanda suka ƙi ra'ayina a matsayin masu ja da ci gaba, ashe su ne suka san ƙasar, suka san rana, suka san wanda ke ɗaukar jarka. Tun daga ranar, duk sanda na ji kaina ya cika da wata dabara har na fara ganin kowa bai waye ba, sai in sassauta, in nemi wanda ya fi kowa shiru a wurin, in ce, "Baba, kai me ka gani?"